Ina Gudun Motar Ya Tafi Bayan an Taka Birki?

A ce mota tana tafe a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya da gudun kilomita 100 a awa, sai direba ya hango shinge a gaba ya taka birki, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta tsaya cik. Tambayar da nake fara yi wa duk ɗalibin da ya zo wurina neman ƙarin darasin fiziks ita ce: ina gudun nan ya tafi? Yawancinsu sukan ce, "Malam, ai ya ƙare." Amma wanda ya taɓa kai hannu kusa da ƙafar motar da ta sauko daga gangare da kaya ya san cewa akwai abin da ya rage, domin ƙarfen birkin yakan yi zafin da ba a iya taɓa shi, wani lokaci har da ƙauri da hayaƙi. Gudun bai ɓace ba. Mafi yawansa ya koma zafi a birki da taya da kwalta, ɗan kaɗan kuma ya fita a matsayin ƙara da jijjiga.

A manhajar sakandare, wadda WAEC da NECO suke yin jarrabawa a kanta, motsi babi ne mai zaman kansa, kaɗawa da sauti wani babin ne, zafi kuma wani daban, kuma sau da yawa ana koyar da su a zanguna mabambanta, har ɗalibi ya ɗauka fannoni uku ne da babu abin da ya haɗa su sai bangon littafi. A ganina wannan rabe-raben ne yake sa yara da dama su koma ga haddar dabarun lissafi ba tare da fahimta ba. Abu ɗaya ne ake bin sawunsa a duk babukan uku, wato makamashi, wanda ba a ƙirƙirarsa kuma ba a hallaka shi, sai dai ya sauya kama ko ya sauya wuri. Wanda ya saba tambayar kansa daga ina makamashin ya fito, kuma ina ya nufa, ya riga ya yi rabin aikin.

Abin da ya fi wahalar karɓa a farkon karatun motsi shi ne ƙa'idar farko cikin ƙa'idojin motsi uku na Isaac Newton, saboda ta saɓa wa abin da ido ya saba gani. Mai tura kurar ruwa idan ya saki hannu, kurar tana tsayawa, don haka hankali yake raya wa mutum cewa motsi yana buƙatar turi a kowane lokaci. Haka Aristotal, masanin falsafar Girka, ya koyar, kuma an zauna a kan maganarsa ƙarnoni masu yawa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, yana cikin waɗanda suka ja da wannan ra'ayi: ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata a jikinsa, wanda ba ya ƙarewa da kansa sai wani abu daga waje kamar iska ya rage shi. Galileo a Italiya ya gwada gangara ƙwallaye a kan katako mai santsi, ya lura cewa gwargwadon raguwar gogayya gwargwadon nisan da ƙwallon yake yi. Isaac Newton ne ya tattara zancen a littafinsa na 1687: abin da yake tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da yake tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudun da yake, matuƙar babu wani ƙarfi da ya shiga tsakani. Kurar ruwa tana tsayawa ne domin gogayyar taya da ƙasa da ta gindin ƙafafunta suna ja da baya, ba domin motsin ya gaji ba. Fasinjan da yake cikin bas daga Kawo zuwa Kasuwa ya san wannan ƙa'ida da goshinsa, domin duk lokacin da direba ya ci birki ba zato, bas ɗin ce ta tsaya, shi kuwa jikinsa yana nan a kan tafiyarsa har sai kujerar gaba ta tare shi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce mai lissafi. Ƙarfi ba gudu yake haifarwa kai tsaye ba, sauyin gudu yake haifarwa, ko ƙari ko ragi ko karkata hanya, kuma girman sauyin ya dogara da ƙarfin da aka sa da kuma yawan jikin abin da ake turawa. Keke Napep ɗin da ya ɗauki fasinja ɗaya yana tashi da sauri fiye da wanda aka loda wa buhunan masara, alhali injin ɗaya ne. Ƙarfin da zai ƙara wa kilogiram ɗaya gudun mita ɗaya a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa shi ake kira niyuton ɗaya. Buhun siminti mai kilogiram 50, ƙasa tana jansa da ƙarfin niyuton 490 ko kusa da haka. Da za a kai buhun duniyar wata, jan zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin shida, ɗan yaro ma ya ɗaga shi, amma simintin da ke ciki bai ragu da ko cokali ɗaya ba.

Daga nan ne maganar faɗuwa take fitowa. Duk abin da aka saki, idan aka cire tasirin iska, gudunsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, ko guduma ce ko tsinken sakace. Ƙasa ta fi jan guduma da ƙarfi, wannan gaskiya ne, amma guduma ta fi wuyar motsawa daidai da wannan gwargwado, sai biyun suka soke juna. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira tare a gaban kyamara. A cikin daƙiƙa ta farko abu yana faɗuwa mita 4.9, bayan daƙiƙa biyu ya yi kusan mita 20, bayan uku ya kai 44. Saboda haka mai agogo a waya zai iya kimanta zurfin rijiya da tsakuwa guda: idan ta ɗauki daƙiƙa biyu kafin a ji tsulum, ruwan yana wajen mita 20 a ƙasa.

Ƙa'ida ta uku ba ta buƙatar dogon bayani. Idan ka tura abu, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Mai kwalekwale a Kogin Kaduna yana tura ruwa baya ne ruwan ya tura shi gaba, maharbi yana jin dukan bindiga a kafaɗa, mai tafiya a kan taɓo da damina kuwa yana zamewa ne domin ƙafarsa ta rasa abin da za ta tura. Kuskuren da ɗalibai suke yawan yi shi ne su ce ƙarfin biyu sun soke juna. Ba sa sokewa, domin ba a kan jiki ɗaya suke aiki ba: ɗaya a kan ruwa yake, ɗayan a kan kwalekwale.

Inda nake so mai karatu ya dakata ya yi nazari shi ne makamashin motsi, domin a nan ne fiziks yake shafar rai da lafiya. Makamashin abin da yake tafiya daidai yake da rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa kuma. Gudun yana shiga lissafin har sau biyu, ma'ana idan aka ninka gudu sau biyu, makamashin ya ninku sau huɗu, idan aka ninka sau uku ya ninku sau tara. Birki kuwa ƙarfinsa bai san an ƙara gudu ba, iyakarsa ita ce riƙon da taya take yi wa kwalta. Don haka motar da take tsayawa cikin mita 14 a gudun kilomita 50, tana buƙatar wajen mita 56 a gudun kilomita 100, a kan hanya ɗaya da taya ɗaya. Wannan ma bayan ƙafa ta sauka a kan birki ke nan. Kafin direba ya gani, ya gane, ya ɗaga ƙafa, daƙiƙa guda ta wuce, kuma a gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wanda yake tuƙi yana duba saƙo a waya na daƙiƙa uku ya yi tafiyar sama da mita 80 ido a rufe. Mai babur da yake ganin gudun 60 ba komai ba ne, ya sani cewa karo da katanga a wannan gudu daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 14, wato daga saman bene mai hawa huɗu ko fiye.

Abin da yake rage illar karo shi ne tsawaita lokacin tsayawa. Masu sauke kankana daga mota suna jefa wa juna ita, kuma mai cafewa yakan ja hannunsa baya tare da ita, ba ya tare ta da hannu a sandare. Gudun da za a kashe ɗaya ne, amma idan aka kashe shi cikin lokaci mai ɗan tsawo, ƙarfin da yake sauka a kan kankanar yana raguwa. Aikin bel ɗin mota ke nan, da soson da ke cikin hular kwano, da gaban motocin zamani da aka ƙera domin ya lotse. Mutane sukan yaba tsofaffin motoci su ce ƙarfensu ba ya lanƙwasa, ni kuwa ba na ganin wannan abin yabo ne, domin makamashin da ƙarfe ya ƙi sha, jikin mutum ne zai sha shi.

Kaɗawa kuma motsi ne da yake da gida. Abu yana da wurin da yake zaune lafiya, idan aka ture shi daga nan sai wani ƙarfi ya ja shi ya dawo, amma da ya iso sai gudun da ya tara ya wuce da shi zuwa ɗaya gefen, a sake jawo shi, haka dai. Ƙa'idar farko da ta biyu ne suke karɓa-karɓa, babu wani sabon abu. Mafi sauƙin misali shi ne dutse da aka ɗaure a zare aka rataye a ƙusa yana lilo. A ƙarshen kowane gefe dutsen yana tsayawa na ɗan ƙiftawar ido, makamashinsa duk na tsayi ne, a tsakiya kuwa ya fi gudu, makamashin duk ya koma na motsi. Abin mamakin, wanda Galileo ya lura da shi, shi ne lokacin zuwa da dawowa bai damu da nauyin dutsen ba, bai kuma damu da faɗin lilon ba matuƙar bai yi yawa ba. Tsawon zaren ne kawai da ƙarfin jan ƙasa suke yanke hukunci. Zare mai tsawon mita ɗaya yana zuwa ya dawo cikin daƙiƙa biyu, mai santimita 25 kuma cikin daƙiƙa ɗaya, wato sai an rage tsawo zuwa rubu'i kafin lokaci ya ragu zuwa rabi. A kan wannan ne Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai lilo a 1656.

Ina jin takaici idan na ji ana cewa ba a yi gwajin nan ba saboda makaranta ba ta da ɗakin gwaji. Zare, da goron ƙarfe ko tsakuwa, da tef ɗin tela, da agogon waya, su ke nan kayan aikin. A ƙirga zuwa da dawowa 20, a raba lokacin gida 20, domin kuskuren yatsa wajen danna agogo ya rabu ya zama ƙanƙani. Daga nan a ninka tsawon zaren, wanda aka auna da mita, da 39.5, a raba da lokacin sau kansa, abin da ya fito shi ne ƙarfin jan ƙasa a inda mutum yake tsaye. Wanda ya yi a tsanake a tsakar gida a Tudun Wada ko Rigasa zai sami abin da ya kusanci 9.8. A haƙiƙa namu a nan ya ɗan gaza na Turai, wajen 9.78 ne, domin muna kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, inda ta fi kumbura, kuma juyawarta ta fi tasiri. Agogo ne ya fara tona wannan bambanci: a 1672 Bafaranshe Jean Richer ya kai agogon lilo daga Faris zuwa Cayenne a Kudancin Amurka, ya tarar yana yin baya da kusan minti biyu da rabi a kowace rana, sai da ya rage tsawon lilon kafin ya daidaita.

Idan kaɗawar ta yi sauri, ido ya daina binta, kunne ya karɓa. Sauti kaɗawa ce da take bi ta iska, kowane sashe na iskar yana matse na gabansa ya koma wurinsa, ba iskar ce take tashi daga bakin mai magana ta tafi kunnen mai sauraro ba. Yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya ana auna shi da hatz, kuma kunnen matashi mai lafiya yana ji daga 20 zuwa 20,000, saman yana raguwa da shekaru. Makaɗan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin ƙa'idojin a hannu. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyi a hammata, fatar ta ɗame, ta kaɗa da sauri, sauti ya yi sama, ya sassauta ya sauko, da haka yake bin hawa da saukar muryar Hausa har ganga ta kira sunan mutum. Mai gurmi yana danna tsirkiya da yatsa ya rage tsawonta, kuma idan ya rage ta zuwa rabi kaɗawar tana ninkuwa biyu. Kakaki yana da kauri a murya saboda tsawon iskar da ke cikinsa. Sauti yana tafiya kimanin mita 340 a daƙiƙa, yana ɗan ƙara sauri idan iska ta yi zafi, haske kuwa kusan nan take yake isowa, don haka idan aka ga walƙiya aka ƙirga daƙiƙa uku kafin a ji tsawa, aradun ta faɗi a nisan kilomita ɗaya.

Kowane abu yana da yawan kaɗawar da ya fi so, kuma idan aka riƙa tura shi daidai da wannan lokaci, ƙaramin turi yana taruwa ya zama babbar girgiza. Yaron da yake tura ƙaninsa a lilo ya san ba ƙarfi ake buƙata ba, sa'a ake jira. Direbobi sun san motar da sitiyarinta yake karkarwa a wani gudu na musamman, idan an wuce shi ko an sauko ya lafa, wannan tayar da ba a daidaita nauyinta ba ce take juyawa daidai da kaɗawar ƙafar motar. Manyan injiniyoyi ma abin yana kama su: gadar masu tafiya da ƙafa da aka buɗe a kan Kogin Thames a Landan a watan Yunin 2000 ta riƙa lilo gefe da gefe yayin da takun jama'a ya daidaita da kaɗawarta, aka rufe ta bayan kwana biyu, ba a sake buɗewa ba sai 2002 bayan an sanya mata na'urorin shanye girgiza. Irin aikin da shokazoba take yi a mota ke nan. Sifirin shi kaɗai zai bar mota tana tsalle bayan kowane rami, shokazoba kuwa tana tilasta wa mai ya bi ta ƙananan ramuka, makamashin kaɗawar ya koma zafi a cikin man. Mai janareto ko injin markaɗe da ya ɗora shi a kan tsohuwar taya, ko ya sani ko bai sani ba, wannan dabarar yake amfani da ita.

To, mene ne shi zafin da komai yake komawa gare shi? Har ƙarshen ƙarni na 18 masana da yawa a Turai suna ɗaukarsa wani ruwa ne marar nauyi da yake kwarara daga abu zuwa abu. Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, yana kula da huda bututun igwa a birnin Munich na Jamus, ya lura cewa muddin dawakai suna juya abin hudar, zafi ba ya ƙarewa, har ya tafasa ruwa da shi cikin kusan awa biyu da rabi ba tare da wuta ba. A 1798 ya bayyana cewa abin da ba ya ƙarewa haka ba zai zama ruwan da aka adana a ƙarfe ba, sai dai motsi. James Joule a Ingila, cikin shekarun 1840, ya auna abin da lamba: ya sa nauyi yana faɗowa yana juya farfela a cikin ruwa, ya auna ɗumin da ruwan ya ƙara. Duk wani abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, kuma ba sa zama shiru: a cikin ƙarfe suna karkarwa a inda suke, a cikin ruwa suna zamewa a jikin juna, a cikin iska suna yawo da gudun kusan mita 500 a daƙiƙa suna karo. Bambancin motsin mota da zafin birkinta kamar bambancin sojoji a fareti ne da jama'a a Kasuwar Barci: a na farko kowa ya fuskanci gaba ɗaya, a na biyu kowa yana motsi amma kasuwar ba ta zuwa ko'ina.

Lambar da Joule ya samo tana da ban mamaki. Da jul ake auna makamashi, kuma ana buƙatar kimanin jul 4,200 domin a ƙara wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya, wanda ya yi daidai da a sako ruwan daga tsayin kusan mita 430. Mota mai kilogiram 1,000 a gudun kilomita 100 tana ɗauke da jul 386,000 ko kusa da haka, kuma duk wannan makamashi mai iya rushe katanga, da za a juye shi a tukunya, iyakarsa ya tafasa ruwa lita ɗaya da 'yan kai. Wannan ne dalilin da ya sa hita da dutsen guga da butar lantarki suke durƙusar da ƙaramin janareto, alhali yana ɗaukar fanka da ƙwai da talabijin ba tare da ya yi tari ba. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake zuba ruwa a lagireto: ruwa yana shan zafi kusan ninki tara na abin da ƙarfe mai nauyinsa yake sha kafin ya hau digiri ɗaya.

Dole a raba tsakanin matakin zafi, wanda ake aunawa da digiri, da yawan zafin da abu yake ɗauke da shi. A Panteka, tartsatsin da yake tashi idan ana gurza ƙarfe ya haura digiri 1,000, amma yana sauka a hannun mai aiki ya mutu ba tare da ƙuna ta a-zo-a-gani ba, domin ƙwayar ƙanƙanuwa ce, makamashinta kaɗan ne. Ido dai ba ya jure ko wannan, shi ya sa tabarau ya zama dole. Kofin shayi da bai kai digiri 100 ba, idan ya zube a cinya, sai an yi jinya. Fata ma ba ma'auni ba ce abin dogaro. Da asubar hunturu, ƙofar ƙarfe ta fi bencin katako sanyi a hannu, alhali sun kwana a iska ɗaya, matakinsu ɗaya. Ƙarfe yana janye zafin hannu da sauri ne, katako kuwa a hankali, kuma saurin fitar zafin ne fata take ji.

Idan ƙwayoyin suka ƙara karkarwa sukan buƙaci ƙarin fili, abu ya buɗe. Mita ɗaya ta ƙarfe tana ƙara kimanin milimita 0.012 a kowane digiri, abin da ba a gani, amma gada mai mita 100 tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu tana iya sauyawa da santimita uku, don haka ake barin tsaga a gadoji da mahaɗar tsohon layin dogo. Ƙarar da kwanon rufi yake yi da hantsi da kuma bayan magariba daga nan take, haka ma dabarar bakanike ta gasa goron da ya ƙi kwancewa.

Littafi ya ce ruwa yana tafasa a digiri 100, amma wannan a bakin teku ne. Kaduna tana kan tudu na kimanin mita 600, iskar da ke danne ruwan ta fi sauƙi, don haka a nan yana tafasa a wajen digiri 98, a Jos kuma ƙasa da haka. Na sha ganin ɗalibi ya auna ya ga 98, ya goge ya rubuta 100 domin kada a ce ya yi kuskure, alhali ma'auninsa ne ya faɗi gaskiya. Da ruwa ya fara tafasa, matakinsa ba ya ƙara hawa ko an ƙara itace, duk zafin yana tafiya ne wajen raba ƙwayoyin su zama tururi, kuma wannan aiki yana cin jul miliyan 2.26 a kowace lita, kusan ninki bakwai na abin da aka kashe wajen kawo ruwan ga tafasa. Ba sai an tafasa ba ma: duk ruwan da ya bushe yana tafiya da zafi mai yawa. Randa tana tsatsafo da ruwa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma rabin kofi da ya bushe ya isa ya sauke lita 20 da kusan digiri uku, idan zafin waje bai mayar ba. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi da rani fiye da watan Agusta, lokacin da iska ta riga ta ƙoshi da laima, kuma shi ya sa zufa ba ta sanyaya jiki a ranar da hadari ya haɗu bai zubar ba. Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya ɗora a kan wannan ilimi na kakanni: ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, abin da ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Zafi yana tafiya ta jikin abu kamar yadda yake hawa cokalin da aka bari a miya, yana tafiya tare da iska ko ruwan da ya yi zafi ya tashi sama, yana kuma tafiya a matsayin haske ba tare da buƙatar komai a tsakani ba, kamar yadda yake iso mana daga rana, nisan kilomita miliyan 150, cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Ɗakin kwano marar silin a watan Maris yana haɗa duka ukun. Da tsakar rana kowace murabba'in mita ta rufin tana karɓar kusan wat 1,000, kwanon siriri ne yana miƙa zafin ciki nan da nan, ya haska shi a kan mazauna ɗakin, iskar da ta yi zafi kuma ta taru a sama ta rasa mafita. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro yana jinkirta zafin sa'o'i da yawa, sai dare ya yi yake isowa ciki. Silin, da farin fenti a kan kwano, da ƙaramar taga can sama kusa da rufi, kowanne yana toshe ɗaya daga cikin hanyoyin.

Akwai kuma ƙa'idar da ta hana al'amarin komawa baya. Motsi yana zama zafi gaba ɗayansa cikin sauƙi, amma zafi ba ya komawa motsi gaba ɗaya, kuma da kansa daga mai zafi zuwa mai sanyi kawai yake gangarawa. Sadi Carnot na Faransa ya nuna a 1824 cewa kowane inji mai aiki da zafi yana da iyakar da ba zai wuce ba, dole ya zubar da wani kaso. Injin fetur yana mayar da kimanin rubu'i zuwa sulusin makamashin mai ya zama motsi, sauran yana fita ta salansa da lagireto. Firji ma ba sanyi yake ƙerawa ba, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar ta bayansa, tare da ƙarin na lantarkin da ya sha, don haka barin ƙofarsa a buɗe ɗumama ɗaki yake yi.

Wannan ya kawo ni ga janareto marar mai, wanda ake yawan yaɗa bidiyonsa a Facebook da WhatsApp, wani lokaci da matasa masu basirar hannu ta gaske. Tsarin kusan kullum ɗaya ne: batir yana juya mota ta lantarki, wato injin da lantarki yake juyawa, ita tana juya altaneta, wato na'urar samar da wuta, altaneta kuma tana cajin batirin tana ba gida wuta. Kowace gaɓa a wannan zagaye tana zubar da wani kaso, a gogayyar bel, a ɗumin waya, a ƙarar da ake ji, don haka abin da yake komawa batir bai taɓa kai abin da ya fita ba, kuma na'urar tana aiki ne har zuwa lokacin da cajin da aka yi wa batirin tun farko zai ƙare. Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta daina duba irin waɗannan na'urori tun 1775. Wanda aka kawo wa irinta domin ya saya ko ya zuba jari, ya nemi a auna batirin kafin a tayar, a haɗa mata dutsen guga na awa biyu ba tare da wata waya ta shigo daga waje ba, sannan a sake auna batirin a kuma taɓa jikin motar lantarkin a ji ko ta yi ɗumi.